'Yan Sandan Jiha Ko Gyaran Na Tarayya: Me Bakatsine Zai Faɗa Wa Ɗan Majalisarsa?

Ko da Majalisar Dattawa da ta Wakilai sun amince baki ɗaya a kafa 'yan sandan jiha, magana ba ta ƙare ba. Sashe na 9 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce ba a taɓa kundin sai kashi biyu bisa uku na kowace majalisa a Abuja sun yarda, sannan majalisun dokoki na jihohi aƙalla 24 cikin 36 su sa hannu. Ke nan mutum 34 ɗin nan da ke zama a Majalisar Dokokin Katsina suna da ta cewa. 'Ya'yanmu ne da ƙannenmu, muna haɗuwa da su wajen ɗaurin aure da zaman makoki. In ɗayansu ya juyo ya ce maka, "Malam, kai me ka gani?", bai kamata amsarka ta tsaya a "Allah ya kawo mana sauƙi" ba.

Hanyoyi biyu ake ja-in-ja a kansu. Ko a bar ɗan sanda a hannun tarayya a yi masa gyara, ko a ba kowace jiha damar kafa nata. Akwai ta uku da babu mai tsayawa ya ce ita ya zaɓa, amma ita muke kai yau: gwamna ya kafa rundunar tsaron al'umma da dokar jiha, ya saya mata babura da motoci, ta shiga daji tana aikin ɗan sanda alhali kundin bai ambace ta ba.

Abin da doka ta tanada a yanzu gajere ne. Sashe na 214 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce a Nijeriya, ba a kafa wata ga tarayya ko ga wani yanki nata. Sashe na 215 ya ba shugaban ƙasa ikon naɗa Sufeto Janar, kwamishinan kowace jiha kuma Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda ce ke naɗa shi. Gwamna yana iya ba kwamishina umarni kan tsaron jama'a, kuma an ce ya bi. Sai dai nan take aka biyo da sharaɗi: kafin ya aiwatar, kwamishinan yana da damar cewa a kai maganar gaban shugaban ƙasa ko minista. A kan wannan sharaɗi duk rigimar take. Shi ya sa a 2018 Abdul'aziz Yari, yana gwamnan Zamfara, ya fito ya ce ya ajiye sunan babban jami'in tsaron jiha, tunda ba shi da iko da ko kurtu ɗaya.

Mu a Katsina ba sai an yi mana dogon bayani ba. A watan Mayun 2019 aka ɗauke Magajin Garin Daura, Alhaji Musa Umar Uba, a ƙofar gidansa, sai bayan wata biyu aka kuɓutar da shi a Kano. A ranar 11 ga Disamban 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, a daidai lokacin da Shugaba Buhari yake hutu a Daura. Ina kawo waɗannan biyun ne saboda sun rushe wata hujja da muka daɗe muna rarrashin kanmu da ita, wato in namu ne a sama za a tsare mu. Namu ne a sama shekara takwas. Kafin nan ma Katsina ta ba ƙasar nan Sufeto Janar har biyu, M.D. Yusufu daga 1975 zuwa 1979 da Ibrahim Coomassie daga 1993 zuwa 1999. Matsalar ba ta rashin ɗan gida a ofis ba ce. Tsarin ne ya ɗora wa ofis ɗaya a Abuja tsaron Jibiya da Batsari da Safana da Ɗanmusa da Faskari da Sabuwa da Dandume, tare da tsaron Fatakwal da Legas.

Adadin 'yan sandan ƙasar da aka fi ambata bai wuce 370,000 da ɗoriya ba, ga mutane sama da miliyan 200. A cikinsu ma, Mike Okiro, lokacin yana shugaban Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda, ya ce a 2018 sama da 150,000 suna gadin manyan mutane. Sauran su ne aka raba wa ƙananan hukumomi 774.

Na taɓa raka wani ɗan'uwana caji ofis a yammacin jihar nan, washegarin da aka kore musu shanu. Mota ɗaya ce a harabar, tayarta ɗaya a sace. Jami'in da ya saurare mu mutumin kirki ne, bai nemi ko kwabo ba, amma daga nesa aka turo shi, Hausarsa ta sayen abinci ce. Da ɗan'uwan nawa ya ambaci sunan rafin da aka bi da shanun, sai jami'in ya juya yana neman wanda zai faɗa masa ko gabas ne ko yamma. Yaran da ke zaune a gindin bishiyar ƙofar ofishin kowannensu ya san rafin, ya san inda ya ɓulla cikin dajin Rugu, wasunsu ma sun san wanda ke kai wa ɓarayin burodi da fetur. Mai bindiga da izini bai san hanya ba, masu sanin hanya ba su da izini. Duk hujjar masu neman 'yan sandan jiha tana cikin wannan harabar, kuma hujja ce mai ƙarfi.

Masu son a bar abin a hannun tarayya za su ce wannan ba sai an taɓa kundi ba. A ɗauki 'yan asalin wuri aiki, a bar ƙananan jami'ai a yankunansu, a janye masu riƙe wa matan manya jaka, a riƙa kiran taron Majalisar 'Yan Sanda ta Ƙasa wadda duk gwamnoni 36 mambobinta ne amma ba kasafai take zama ba. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta yi tanadin aikin ɗan sanda tare da al'umma, har gwamnatin tarayya ta ware naira biliyan 13.3 a shekarar don fara shi. Duk wannan gaskiya ne, kuma ya fi araha da sauri. Abin da ke sanyaya mini gwiwa shi ne mun sha jin sa. Kusan kowane sabon Sufeto Janar da umarnin janye 'yan sanda daga gadin manya yake fara aiki, bayan 'yan watanni ka gan su sun koma. Gyaran da ya dogara ga niyyar mutum ɗaya a Abuja, ranar da aka canza mutumin ya tafi da abinsa.

To amma kafin mu ruga mu rungumi ɗaya hanyar, sai mu tuna mun taɓa zama a ƙarƙashinta. Zamanin En'e, wato hukumar mulkin gargajiya, kowace masarauta da 'yan sandanta da ake kira 'yan doka. A Katsina ba ƙaramin muƙami ba ne: Alhaji Usman Nagogo ya shugabanci 'yan dokar En'e kafin ya gaji mahaifinsa Sarki Muhammadu Dikko a 1944. Dattawa suna yabon zamanin da abu ɗaya, ɓarawo ba ya ɓuya. Baƙo ya sauka a gari, kafin magariba mai unguwa ya sani, dagaci ya sani, hakimi ya sani. Amma dattawan da suka yi jam'iyyar adawa ta NEPU wani labarin suke bayarwa. Da siyasar jam'iyyu ta shigo a shekarun 1950, 'yan doka da kotun alƙali suka zama sandar dukan 'yan adawa a Arewa: a hana ka izinin taro, ka yi taron a kama ka, a kai ka gaban alƙalin da albashinsa daga En'e yake fitowa, kafin la'asar kana gidan yari. A Yammacin Nijeriya ma haka 'yan sandan ƙananan hukumomi suka yi. Wannan na cikin dalilan da suka sa bayan juyin mulkin 1966 gwamnatin soja ta narkar da su cikin rundunar tarayya, aka kammala a farkon shekarun 1970. Sashe na 214 ba haka kawai aka rubuta shi ba, waɗanda suka ga abin da idonsu ne suka rubuta.

Wani zai ce wancan zamani ya wuce. Sai mu duba abin da gwamnoni suke yi da hukumomin da kundin ya riga ya damƙa musu. Hukumar zaɓe ta jiha ita ce madubi mafi kusa. A kusan kowace jiha, ko wace jam'iyya ce ke mulki, ita ke lashe kujerun ƙananan hukumomi kaf. A nan Katsina an yi haka zamanin PDP, an yi zamanin APC. A 2015 Gwamna Aminu Bello Masari ya rushe zaɓaɓɓun shugabannin ƙananan hukumomin da ya tarar, sai a watan Mayun 2021 Kotun Ƙoli ta ce rushewar ta saɓa wa doka, ta ce a biya su haƙƙoƙinsu. Shekara shida kafin gaskiya ta fito, wa'adinsu ya daɗe da ƙarewa. A ranar 11 ga Yulin 2024 kotun ta sake hukunci cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, a daina naɗa kantomomi, saboda yadda jihohi suka riƙe asusun haɗaka. Wanda ya rasa kujera zai iya jiran kotu shekara shida a biya shi. Wanda aka harbe fa? Ga kuma sashe na 308 da ya ba gwamna rigar kariya, ba a gurfanar da shi muddin yana kan mulki.

Abin da ya faru a Kano a watan Mayun 2024 ya isa a tsaya a kansa. Da rikicin masarauta ya tashi, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ba da umarnin a kama sarkin da ya sauke, Alhaji Aminu Ado Bayero, 'yan sanda suka ƙi, suka ce akwai umarnin kotu. Magoya bayan gwamna sun ɗauki wannan a matsayin shaida cewa Abuja ke juya jiharsu. Ɗaya ɓangaren sun ɗauke shi shaida cewa da gwamna na da rundunarsa da an zubar da jini. Ni abin da na hango shi ne runduna biyu masu bindiga, kowace da ubangidanta, sun ja daga a tsakiyar birni. Duk ƙudirin da bai faɗi ƙarara wa zai ja da baya a irin wannan rana ba, bai gama nuna ba.

Kada kuma a ɗauka ɗan sandan tarayya tsarkakakke ne. A 2003 'yan sanda ne suka tsare Gwamna Chris Ngige na Anambra yana kan kujerarsa. A watan Nuwamban 2014 su ne suka rufe ƙofar Majalisar Tarayya a fuskar Kakaki Aminu Waziri Tambuwal, har 'yan majalisa suka riƙa haura katanga. Zanga-zangar 2020 ta neman rushe sashen 'yan sanda na SARS a kan zaluncin rundunar tarayya aka yi ta. Bayan zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024, duk mun ga yaran Arewa da aka tsare watanni, aka kai su kotu a Abuja suna faɗuwa don yunwa. Saboda haka ba zaɓi ne tsakanin adali da azzalumi ba. Bambancin shi ne shugaban ƙasa yana da nisa, bai san sunanka ba, ga 'yan jarida da ƙungiyoyin lauyoyi da idon duniya a kansa. Gwamna kuwa ya san gidanku, ya san wanda ya zage shi a rediyo jiya, kuma majalisar da za ta taka masa burki galibi shi ya tsayar da 'ya'yanta takara.

Sai maganar kuɗi, wadda marigayi Buhari ya fi kafa hujja da ita: jihar da ta kasa biyan albashi, ya za ta ba mutum bindiga ta bar shi da yunwa? Bari mu yi lissafin da kowa zai iya bi. Katsina na da mazaɓu 361. A ce kowace mazaɓa a ba ta jami'i 15, an sami 5,415. A ce kowanne albashinsa naira 100,000 a wata, tunda mafi ƙarancin albashi ma 70,000 ne tun 2024. A shekara kusan naira biliyan 6.5 ke nan. Wannan albashi ne zalla. Ƙara motoci da mai da makamai da harsashi da horo da bariki da asibiti da fansho da diyyar waɗanda za su rasu a bakin aiki, ka ninka shi uku, ka doshi biliyan 20. Kasafin jihar na 2025 ya haura naira biliyan 680. A takarda, abin bai fi ƙarfinmu ba. Bugu da ƙari, jihar tana kashe kuɗin tsaro tun yanzu: ita ke saya wa jami'an tarayya motoci, ita ke ba su mai da alawus, ga nata jami'an. Muna biya, ba mu da iko.

Inda gizo ke saƙa shi ne tushen kuɗin. Mafi yawan abin da Katsina ke kashewa daga kason wata-wata na asusun tarayya yake zuwa, harajin cikin gida ɗan kaɗan ne. Kason ya kumbura bayan cire tallafin fetur a 2023, shi ya sa lissafin ya yi daɗi yanzu. Amma a 2015 da farashin ɗanyen mai ya faɗi, jihohi da dama sun kasa biyan ma'aikata sai da tarayya ta ba su bashin ceto. Malamin makaranta in ya yi wata uku ba albashi yajin aiki zai tafi. Mai bindiga shinge zai kafa a hanyar Funtuwa. Kuma tsarin rabon arziki har yau tarayya ke ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 20.60. In an sauke wa tarayya wani ɓangare na nauyin tsaro aka bar ta da kasonta cif, to daga kuɗin asibitin Malumfashi da makarantar firamaren Mai'aduwa za a yanko na ɗan sanda. An riga an gwada irin wannan: gyaran kundin da aka sa wa hannu a watan Maris na 2023 ya ba jihohi damar shiga harkar lantarki da jirgin ƙasa da gidajen gyaran hali. Dama ta samu, kuɗi bai biyo ta ba.

Akwai kuma kuɗin tsaro da gwamnoni ke cirewa ba tare da bayyana yadda aka kashe ba. Ƙungiyar Transparency International ta ƙiyasta a 2018 cewa a faɗin ƙasar yana kai wa dala miliyan 670 a shekara. Runduna da za a riƙa ciyar da ita daga wannan aljihu, ba daga kasafin da majalisa ta gani ta amince ba, ta gwamna ce, ba ta jiha ba.

Yanzu ga hanya ta uku, wadda muke kai. A watan Oktoban 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma da mutane ke kira C-Watch, da matasa kusan 1,500 a rukunin farko, an ɗebo su daga garuruwan da abin ya fi shafa. Zamfara ta biyo da Askarawanta a farkon 2024, Sakkwato ma ta kafa nata, kamar yadda jihohin Yarbawa suka kafa Amotekun tun 2020. Ba zan raina waɗannan matasa ba. Da yawansu sun rasa iyaye ko 'yan'uwa, wasu sun ba da ransu, kuma akwai ƙauyukan da suka koma gona saboda su. Amma matsayinsu a doka rabi da rabi ne. Dokar makamai ta tarayya ce, manyan bindigogi sai da lasisin shugaban ƙasa, alhali wanda suke fuskanta yana ɗauke da AK-47 ko abin da ya fi ta. In sun kama mutum sai sun miƙa shi ga 'yan sanda. In kuma ɗayansu ya wuce gona da iri, talakan ƙauye bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba. Wato haɗarin da ake tsoro game da 'yan sandan jiha ya riga ya iso, kariyar da ya kamata ta zo tare da shi ce ba ta iso ba. A cikin hanyoyin uku, wannan ce ba za a dawwama a kanta ba.

Wannan batu na wuce gona da iri shi ne ya fi damuna, kuma shi aka fi gudun faɗa a fili. Sanin gida da muke yabo yana zuwa da gabar gida. Duk wanda ya bi tarihin rikicin nan ya san yadda kisan da wasu 'yan sa-kai suka riƙa yi wa Fulani a kasuwanni da rugage, ba bincike ba shari'a, ya ƙara hura wutar, ya tura waɗanda ba ruwansu cikin daji. Yaron da aka kashe mahaifinsa a gona, ka ba shi kaki da bindiga ka tura shi rugar da yake zargi, sai wanda Allah ya tsare. Kundin bai ware kowa ba. Sashe na 33 ya kare rai, na 34 ya hana azabtarwa, na 42 ya hana nuna bambanci saboda ƙabila. Sashe na 35 ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu, ban da wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne, kuma wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba a biya shi diyya a ba shi haƙuri a bainar jama'a. Waɗannan haƙƙoƙi na Bafulatanin Safana ne kamar yadda suke na ɗan kasuwar Katsina. Rundunar jiha da ba ta ɗauki 'ya'yan makiyaya aiki ba, ɓangare ɗaya na faɗan za ta zama.

Mun kuma ɗanɗana yadda matakin tsaro ke cin wanda ba shi da laifi. A 2021 aka rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure da ta Ƙanƙara zuwa Sheme, aka hana cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, aka hana sayar da fetur a jarka, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13. An yi ne da kyakkyawar niyya, jama'a kuma suka yi haƙuri. Amma mai sayar da akuya don ya sayi magani ya sha wuya, mutumin ƙauye ya rasa yadda zai kira agaji in an kawo hari. Sashe na 45 ya yarda a taƙaita wasu haƙƙoƙi don tsaro, amma ta hanyar doka, kuma gwargwadon abin da hankali zai ɗauka. Gwamnan da ke da rundunarsa zai fi saurin ɗaukar irin waɗannan matakai, don haka dole a ce majalisa ce za ta amince da su, a kuma sa musu wa'adi.

A gefe ɗaya tarayya ta fi, ba tantama. Ɓarayin daji ba su san iyakar jiha ba. Su kwana a Zamfara, su yi ɓarna a Faskari, su gangara Birnin Gwari, makamansu su shigo ta iyakar Nijar. Ɗan sandan Katsina zai tsaya a inda Katsina ta ƙare. Mun ga haka a sulhu da ɓarayin ma: Masari ya yi a 2016, ya sake a 2019, duk suka wargaje, har ya kai ga cewa jama'a su kare kansu. Jiha ɗaya ta yi sulhu, maƙwabciyarta na yaƙi, ɓarayin su yi ta sauya masauki. Saboda haka kada kowa ya yi mana alƙawarin cewa 'yan sandan jiha za su share dajin Rugu. Wannan aikin soja ne da jiragen yaƙi da jami'an iyaka. Abin da ɗan sandan gida zai iya shi ne ya isa ƙauye cikin minti ashirin maimakon bayan an gama jana'iza, ya gano infoma, ya toshe hanyar kai kaya daji, ya bi sawun satar shanu tun tana ta saniya biyu.

Indiya tana kusa da halinmu, kuma akwai abin dubawa a can. 'Yan sanda na jihohi ne, amma manyan jami'ai gwamnatin tsakiya ce ke ɗaukarsu ta horar da su. Duk da haka 'yan siyasar jihohi sun riƙa juya su, har a 2006 Kotun Ƙolin ƙasar ta ba da umarnin a ba shugaban 'yan sandan jiha wa'adi tsayayye, a kafa hukumar da za ta shiga tsakaninsa da gwamnati, da wata ta karɓar koken jama'a. Jihohi da yawa sun yi ta jan ƙafa wajen bi. Kariyar da aka bari sai daga baya, da wuya mai mulki ya yarda a ɗaura masa ita.

A nan gida iska ta riga ta juya. Taron ƙasa na 2014 ya ba da shawarar 'yan sandan jiha, kwamitin APC ƙarƙashin Nasir El-Rufa'i ya maimaita a 2018, gwamnonin Arewa da suka daɗe suna ɗari-ɗari sun goyi baya a 2022, Shugaba Tinubu da gwamnoni suka amince a duba batun a watan Fabrairun 2024. Abin da ya rage a yi faɗa a kansa shi ne abin da za a rubuta.

Ni na karkata ga 'yan sandan jiha. Dalilina shi ne gyaran tarayya an yi mana alƙawarinsa har mun gaji, halin da muke ciki kuwa ya haɗa illar hanyoyin biyu. Amma goyon bayana da sharaɗi ne, kuma sharuɗɗan a cikin kundin nake son ganinsu, ba a dokar jiha da gwamna zai sa a canza cikin yini ɗaya ba. Kwamishina kada gwamna shi kaɗai ya naɗa shi ko ya cire shi: wata hukuma mai zaman kanta ta tantance, majalisa ta tabbatar, a ba shi wa'adi, cire shi sai da kashi biyu bisa uku da dalili a rubuce. A rubuta cewa yana da damar ƙin umarnin da ya saɓa wa doka, kuma kotu na iya bincikar umarnin, domin ƙaramin sashe na 5 na sashe na 215 a yanzu ya hana kotu tambayar ko wane umarni aka bayar, kuma kuskure ne babba a kwafo shi zuwa jiha. Albashi da fansho a cire su kai tsaye daga kason jiha kafin kuɗin ya shiga hannun gwamnati, a gyara tsarin rabon arziki, babban mai binciken kuɗi ya riƙa duba asusun rundunar yana bugawa. A nesanta su da aikin zaɓe kwata-kwata. Horo da rajistar makamai su zauna a hannun tarayya, kowace bindiga da lambarta da sunan mai riƙe da ita. A kafa hukumar koke da ke da ofis a kowace ƙaramar hukuma, da lauyoyi da malamai da mata da wakilan makiyaya a ciki, mai ikon kai jami'i kotu ba sai ta nemi izinin gidan gwamnati ba.

In ƙudirin ya iso Katsina da waɗannan, ka ce wa ɗan majalisarku, "Ranka ya daɗe, ka sa hannu." In ya iso da layi ɗaya kawai, cewa an mayar da 'yan sanda cikin jerin abubuwan da tarayya da jihohi ke da iko a kai, sauran bayani kowace jiha ta yi dokarta, to ka roƙe shi ya ƙi, ko da gwamnan da ke kai mutumin da ka yarda da shi ne. Wa'adin gwamna ba ya wuce shekara takwas, rundunar kuwa wanda zai gaje shi zai tarar da ita, kuma ba ka san ko wane ne ba. Majalisar jiha ba ta da ikon gyara ƙudirin gyaran kundi, amincewa take yi ko ta ƙi. Don haka wurin cusa sharuɗɗan shi ne Abuja, a hannun sanatocinmu uku da 'yan Majalisar Wakilai 15, tun takardar ba ta baro can ba.